Ranar da Kaka ta Sauko daga Dutse

Mahaifina, Meshak, mai gyaran keke ne a Kagoro, a bakin hanyar da ta nufi Kafanchan. Rumfarsa ta langalanga ce, da benci ɗaya, da kwanon ruwan da yake tsoma tayar ciki don neman huji. Duk wanda ya san shi ya san shi da abu biyu: karan sigari a bayan kunne, da fito. In Baba ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, har karnukan wata unguwa sai sun ɗaga kai.

Sigarin a soja ya samo shi. Yana saurayi aka kwashe su zuwa yaƙin Bama, inda ake raba musu taba tare da abinci. Ya dawo da tabo a gwiwa da wannan ɗabi'a, tabon ya warke, ɗabi'ar ta zauna. Fasto ya yi wa'azi ya gaji. Mama, Edna, ta ɓoye ashana, ta jiƙa kwali, ta yi gaba da shi kwana uku. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Edna, bindigar Japan ba ta kashe ni ba, wannan ɗan takarda ne zai kashe ni?"

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, tana can bisa dutsen Kagoro. Lokacin da yawancin dangi suka sauko suka kafa gidaje a ƙasa, ita ta ƙi. Ta ce a nan ta binne mijinta, a nan gonar accarta take, kuma ƙafarta ba za ta taka kwalta ba. Don haka duk Asabar ɗin farkon wata Baba yakan rufe rumfa, ya ɗaure gishiri da sabulu da busasshen kifi da kwalbar kananzir, ya hau. Akwai wani faffaɗan dutse kusa da ƙarshen hanya. In ya kai nan sai ya yi fito sau biyu, gajere da dogo, Kaka ta ji ta ɗora tukunyar gwate.

Ina yarinya nakan bi shi, kuma ba ya tsayawa ko sau ɗaya, ni ce mai roƙon a huta. Da na shiga makarantar horon malamai ya fara zama sau ɗaya a hanya, wai yana duba gari. Kafin in fara koyarwa a 1972 zaman ya koma uku, kuma a kowanne sai ya kunna kara, wai yana buɗe ƙirji. Haushi kamar ya kashe ni. Mutum yana haki kamar akuyar da aka koro daga kasuwa, amma maganinsa hayaƙi!

Jikinsa ma ya fara ba da labari. Leɓɓansa suka yi baƙi, fatar fuskarsa ta yamutse ta bushe, dasashinsa ya janye, haƙoran gaba suka fara kaɗawa. Abokinsa Andrawus, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, yakan zo rumfa hira. Wata rana wani fasinja ya tsaya a yi masa faci, ya dubi Andrawus ya ce, "Mahaifinka ya iya aiki." Andrawus ya yi ta dariya har da buga cinya. Baba ma ya yi, amma nan da nan ya sunkuya ya koma kan facinsa. Shekarunsa arba'in da tara a lokacin.

A damunar 1974 muka hau tare, bai kai rabi ba ya zauna. Tari ya turnuƙe shi har idanunsa suka kawo ruwa. Ya daɗe yana kallon hanyar da ta rage, sannan ya miƙo mini ƙullin.

"Caroline, kai mata. Ki ce aiki ya yi yawa."

Daga ranar na zama mai ɗaukar gishiri da ƙarya. Wannan wata aiki, wancan wata ya je Kafanchan sayen kayan keke, na gaba ya yi targaɗe. Likita a asibiti ya gaya masa huhunsa ya lalace, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a tsare saura. Ya bar taba mako biyu, ya koma. Abin da ya fi tsoro ba mutuwa ba ce. Tsoronsa kada uwarsa ta gan shi a haka, ko kuma ta rasu a can sama ba su sake haɗuwa ba. Kullum cewa yake in ya ɗan murmure zai hau, ya nuna mata lafiyarsa lau.

Kaka ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Takan karɓi kaya, ta zuba mini gwate, ta zauna tana kallon bakin hanya. Sau ɗaya kawai ta ce, da harshenmu, "Tun kafin ya daina zuwa, fitonsa ba ya kawowa gida. Sai na fita bakin gona nake jin sa." Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin abincina, kunya ta ishe ni.

Shekara biyu muka yi a haka. Ran nan a Disamban 1976, an gama girbin acca, wajen ƙarfe goma na safe, ina rumfa na kawo wa Baba kunu. Yana zaune a benci da bargo a kafaɗa, haƙoran gaba sun zube, kumatu sun lotsa, kansa fari fat. Andrawus ne ke buga masa famfo, don shi ba ya iya bugawa. Sai ga wata 'yar tsohuwa tafe a gefen kwalta, ba takalmi, da sandar gora a hannu da ƙullin acca a ka. Kaka ce! Kofin kunun ya kusa suɓuce mini.

Ta wuce ni ba ta gan ni ba, don ina bayan kekunan da aka jingine. Ta tsaya gaban benci, ta sauke ƙullin, ta rusuna kamar yadda ake rusuna wa manya, ta gaida Baba da ladabi.

"Sannu da hutawa, dattijo. An ce nan ne rumfar ɗana Meshak. Ko ya fita?"

Andrawus ya saki famfo. Baba ya ɗago kai ya dube ta. Can sai ya ɗaga yatsu biyu ya sa a baki ya hura. Ba abin da ya fito sai iska, gajere da dogo, tari ya biyo baya.

Kaka ta miƙe a hankali. Ta matso ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta shafa goshin, ta shafa kumatun, ta juya kansa ta duba tabon ciwon da ya ji a bayan kunne tun yana yaro. Yatsanta ya taɓa karan sigarin. Ta zare shi ta ajiye a kan benci, ba faɗa, ba tsaki.

"Mahaifinka ya kai saba'in bai yi haka ba," in ji ta. "Me ya sa ba ka aiko an gaya mini ba? Ai ni ƙafata ƙalau."

"Iya, kunya na ji."

"Kunyar wa? Ni na yi maka wanka."

A nan na fashe da kuka, a gaban mutane, ni da nake malama. Kaka ta juyo ta gan ni, ta ce in daina ɓata ruwa in je in hura wuta, ga acca nan.

Da za mu tafi gida Baba ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna. Kaka ta dubi sandarta, wadda ta sauko da ita tun daga bisa dutse, ta sa masa a hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

"Riƙe. Ka fi ni bukata."

Ba ta koma sama ba. Ta bar gonar da kabarin mijinta ta zauna a ɗakin da ke kusa da nasa, tana dafa masa gwate, tana bubbuga masa baya in tari ya taso. Bai sake kunna taba ba, ba don likita ko Fasto ba, sai don ba zai iya a gabanta ba. Shekara uku ya samu, kuma kullum da safe su biyun sukan taka zuwa rumfa, shi da sanda, ita tana rage sauri don ya cim mata.

Da muka dawo daga binne shi a 1979, na ɗauko sandar na kai mata. Ta karɓa ta jingine a bayan ƙofa, ta ce tukuna, har yanzu ƙafarta ƙalau.