Ranar Da Na Kira Sunansa

Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma roƙe ta in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Maigidana hatsi yake sayarwa a kasuwar Azare. Wata rana yana dawowa daga Disina a kan acaɓa, babur ya zame da su, kansa ya bugi kwalta. Ya yi jinya a asibiti, rauni ya warke, ya dawo gida da ƙafarsa. Ya gane 'ya'yansa, ya gane liman, har tunkiyarsa ya gane. Ni kaɗai ce bai gane ba.

In na kai masa abinci sai ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Kin yi kama da ita ƙwarai. Ita ina ta tafi?"

An yi masa rubutu, an yi hayaƙi, shiru.

Ana nan sai wata likita ta fara zuwa gidanmu. Ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Aikinta bincike a kan waɗanda suka bugu a ka, ta ga yadda buguwar take canza tunanin mutum da halinsa. Ta ce yayanta ne ya faɗo daga motar kaya tun tana yarinya, ya tashi wani mutum dabam, gari ya sa masa suna mahaukaci. Tun daga nan ba ta yi wani aiki ba sai wannan. A tabarma take zama, kuma ranar farko ta ce mini, "Inna, ba ni da maganin wannan. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma zan zauna in duba."

Zaman nata ya yi rana. Wata yamma tana rumfa tare da shi, ni ina madafa a bayan zana, na ɗaga murya na ce, "Malam, a kawo ruwan alwala?"

Ya ce, "Kawo mana. Ke kullum sai kin tambaya."

Likita ta leƙo ta ce kada in fito, in ci gaba da magana. Daga baya ta bayyana mini cewa idonsa yana ganina, amma hanyar da take kai fuskata zuwa zuciyarsa ta yanke. Ta kunne kuwa tana nan.

Haka na koma zaman aure daga bayan zana.

"Yau ma miyar kuka?"

"In ka gaji da ita, Malam, ka aiko da nama."

"Af, wata mata tana yawo a gidan nan. Ki sa ido a kan tukwanenki."

In yi dariya, hawaye na zuba cikin murhu.

Da na haƙura da wannan, da ya ishe ni. Amma ina son mijina ya dube ni. Na yi ta damun likita, har wata rana ta ce akwai abin da za mu gwada: in tsaya a gabansa in kira shi da sunansa na yanka, wataƙila sunan ya haɗa masa muryar da fuskar. Ta ce, "Na san nauyinsa, Inna. Kuma ban tabbata zai yi ba."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa furta sunan nan ba. Ko yaron maƙwabta da yake da shi, mai sunan Malam nake ce masa.

Da hantsi na fito na tsaya a gabansa, na kira shi.

Ya ɗago kai, ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Na kama ki. Matata ba za ta kama sunana ba ko za a yanka ta. Ashe har muryarta kika iya."

Da yamma na yi magana daga bayan zana. Ya ce, "Ki daina wahalar da kanki, baiwar Allah."

Da likita ta ji, ta zauna ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Kuskurena ne. Na duba ciwon, ban duba aurenku ba." Ba ta daina zuwa ba. Ta gwada wannan, ta gwada wancan, bai sake amsa mini ba. Da ya rasu ta zo ta'aziyya, ta ce ba ta ƙara ba wani iyali shawara ba sai ta fara tambayar yadda suke zaune. Ban riƙe ta a zuciya ba. Ni na matsa.

Da damina ya cika. Babbar 'yarmu tana riƙe da kansa, ina jin sa daga inda nake tsaye yana cewa, "Innarku har yanzu ba ta dawo ba?"

Na ce, "Ga ni, Malam."

Ya ce wa 'yar, "Ku sallami matar nan, ta yi ƙoƙari."