Fehim Mai Faci da Taurarin Ɗakin Ƙasa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Fehim Harbaš, wanda duk garinmu Kulen Vakuf ya fi sani da Fehim mai faci. Ya rasu a gidansa na bakin kogin Una yana da shekara saba'in da huɗu. Ni Hazim, tsohon malamin makaranta, abokinsa tun muna yara, ina can birnin Graz wurin 'yata lokacin da matarsa Sadeta ta bugo waya. Na samu jana'iza, amma ban cika alkawarin da na yi masa ba, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Fehim, bari in yi magana da kai, tunda yau ba ka da bakin katse ni.

Duk mai fatsa da ƙudan ƙarya da ake ɗaurawa da gashin tsuntsu a garin nan ya san ruwan Una ba ya wasa. Ko a tsakiyar zafi sanyinsa har ɓargo yake shiga, sai da wandon ruwa mai kaiwa ƙirji ake tsayawa a cikinsa. In wandon ya huje kuwa, gidanka ake nufa. Sai ka ja mutum zuwa ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan, ka rufe ƙofa, ka kashe fitila, ka zura tocila cikin ƙafar wandon. A cikin duhun nan kowace huda sai ta fito da haskenta, wata babba, wata kamar kan allura. Taurari kake kiransu. Na sha zama a kan tsohon buhun goro na turawa muna kallonsu, ƙamshin gam da na tuffa yana tashi, ƙarar kogi tana zuwa ta bango kamar daga wata duniya, har in manta abin da ya kawo ni.

Kuma karanta su kake yi. Na wandon liman, ka ce, kullum a mazaunai suke, don zama yake a kan dutse yana tunanin huɗuba, kifi na wucewa. Nawa a ƙwauri, don ba ni da haƙurin kewaya ƙaya. Naka kuwa wuri ɗaya ne shekara da shekaru: gwiwar hagu. Ba ka taɓa ɗaga kifi daga ruwa ba. Durƙusawa kake yi a kan tsakuwa da gwiwar nan, ka zare ƙugiya, ka tallafe shi da tafin hannu har ya dawo hayyacinsa ya tafi.

Da muka dawo bayan yaƙi muka tarar da gidaje ba rufi, kai ka yi wa rabin garin nan faci. Takalman roba, bokiti, tayar keke, har rigar ruwan wata tsohuwa da ta rantse ba za ta rabu da ita ba don ta mijinta ce. Ban taɓa jin ka ce wa wani abu ya gama yayi ba. Juya shi kake yi a hannu ka ce, "Bar shi nan, zai yi."

Abu ɗaya ka raina a duniya, wandon ruwa mai zif a ƙirji. Da baƙi masu zuwa fatsa suka fara shigowa da shi, sai da ka riƙe ciki don dariya. "Malam," ka ce mini, "wa ya taɓa ganin an yi wa kwalekwale ƙofa?" Maganar ta zaga gari, har yau ana faɗinta.

Shekara uku da suka wuce, wata safiya hazo ya kwanta a kan ruwa har ba na ganin komai naka sai kai da hannu, da zaren fatsarka yana lanƙwasa a iska a hankali, yana sauke ƙudan a kan ruwa ba ko motsi. Ina kallonka kawai, sai na ga ka juya ka fita da sauri, kana kokawa da igiyoyin tsohon wandonka na roba. Da na iso ka riga ka tuɓe, kayan jikinka a jiƙe. Ka ce gida za ka, ba ka tsaya mun yi azahar a kan ciyawa kamar kullum ba. Ni kuma da bakina mara linzami na je wurin shan kofi na shelanta cewa wandon mai faci yana yoyo. Aka yi ta dariya. Kai ma ka yi, ka ce wanzami ba ya son jarfa. Daga ranar ba ka sake shiga kogi ba.

Na ɗauka fushi ne. Ni ma na yi nawa fushin, na ce tsufa ya sa ka zama mai ƙaramar zuciya. Sai bara da kaka, Sadeta ta tare ni a bakin gada.

"Malam Hazim, kai da duk karatunka ba ka gane ba? Wandon nan bai huje ba. Ciwon mafitsara ne irin na tsofaffi, fitsari ba ya ba shi lokacin tuɓe wandon. Ya gwammace a ce bai iya faci ba da a san abin da ya same shi. Kullum yana bakin taga yana kallon ruwa kamar wanda aka hana ganin uwarsa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na wuce gidanka ko sallama ban yi da kyau ba.

"Tashi mu je birnin Bihać."

"Yin me?"

"Sayen kwalekwale mai ƙofa."

Ka dube ni sama da ƙasa. Sannan ka ce, "Matar nan, bakinta ne kaɗai na kasa yi wa faci." Ka ɗauko hularka.

Matar da ke kanti a Bihać ba za ta manta da kai ba. Wando huɗu ta fito da su. Ka juya kowanne ka bi ɗinkinsa da farce. Ka ƙi na farko don haƙoran zif ɗinsa ƙanana ne, ka ce yashi zai cinye su. Ka sa na biyu ka durƙusa da gwiwar hagu a tsakiyar kanti, ka ce ya matse, wando in bai bar mutum ya durƙusa ba ai kurkuku ne. Da aka zo na uku sai ka roƙi bokitin ruwan sanyi, ka tsoma hannayenka har suka sandare, sannan ka kama zif ɗin. Ya sauka da ja ɗaya, ya hau da ja ɗaya.

"Baba, shekara goma ina nan ban ga wanda ya yi haka ba," in ji ta.

"'Yata, a kanti kowa yatsunsa lafiya lau. A kogi ake sanin na wa ke aiki."

Daga nan ka nemi ta ba mu aron ɗakin ajiya, ta kashe fitila. Ka zura tocilarka. Muka tsaya mu uku a duhu muna jira, babu ko ɗigon haske. Na ji ka sauke numfashi. "Sama babu tauraro ko ɗaya," ka ce a hankali. "Ban saba ba."

An riga an rufe kamun kifi na shekarar, sai ka rataye shi a ƙusa. Na yi maka alkawarin ranar da aka buɗe kogi tare za mu shiga, in tsaya kusa da kai. Da lokacin ya zo 'yata ta haihu a Graz, na tafi da niyyar mako biyu. Mako biyu ya zama shida. Duk sanda na bugo sai ka ce, "Riƙe jikarka, Malam, kifi ba zai gudu ba." Na yarda, don yarda ta fi mini sauƙi. A can nakan rufe ido da rana in gan ka cikin hazon nan, ruwa har ƙugu, zare yana yawo a samanka, in ce mako mai zuwa.

A bakin kabarinka abin da ke cin raina ke nan: da bakina na fitar da kai daga kogi, da jinkirina na hana ka komawa.

Bayan kwana bakwai Sadeta ta miƙo mini wandon a ninke, tsaf kamar yau aka sayo. "Karɓi, kai ka dace da shi. Bai samu ya sa ba." Ban san abin da ya kai ni ɗakin ƙasa ba. Na zauna a inda na saba, na kashe fitila, na zura tocilarka. Ƙafar dama duhu. Ƙirji duhu, zif ɗin bai bar komai ya wuce ba. Na zura ta ƙafar hagu.

Tauraro ɗaya, ƙarami, daidai gwiwa.

Na kira Sadeta. Ta sauko ta tsaya a kan matakala tana kallo. Sannan ta rufe baki da gefen gyalenta, tana dariya tana kuka.

"La'ilaha! Alhamis ɗin kafin ya rasu ne. Ya ce mini asibiti za shi, ya hana ni raka shi. Ya dawo da la'asar yana ta fara'a, ya cinye burek, gurasar nan mai nama a ciki, har biyu, har na ce likita ya ba shi labari mai daɗi. Tsohon maƙaryaci!"

Ashe ka je, Fehim. Ka shiga ruwanka kai kaɗai, ka kama, ka durƙusa, ka sake shi. Ka wanke wandon ka ninke don kada in ji nauyin cewa ban zo ba, kamar yadda ka rufa mini asiri a wancan karon na wurin shan kofi. Amma ka manta kai ka koya mini karatun taurari.

Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka rufa asirin mutane, Allah ya rufa naka ranar da komai zai fito fili. Ya sa ka cikin gidajen da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinsu. Ina miƙa ta'aziyya ga Sadeta, da ɗanka Elvedin, da 'yarka Mirsada da jikoki, da duk mutanen Kulen Vakuf da ke takawa da takalmin da hannunka ya gyara. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Gam ɗinka yana nan a kan tebur, na kuma san yadda ake yi. Amma wannan hudar, abokina, ba zan yi mata faci ba.