Tukunyar Alƙasum

Shekara ashirin da biyu Alƙasum ya yi yana dafa allurai a wani ƙaramin asibiti a Tawa. Mutumin Kalfu ne. Ciwon ƙafa ya kawo shi birni tun zamanin Nasara, ƙafar ta warke, shi kuwa bai koma ba. Aikinsa ke nan kullum: ya jera sirinjin gilashi a tukunyar ƙarfe, ya hura gawayi har ruwa ya tafasa. Ko harafi ɗaya bai sani ba, amma duk abin da zai huda jikin mutum a gidan sai ya bi ta tukunyarsa. Tururi ya ci idonsa, tsuguno ya ci gwiwarsa. Ya gaji, gajiya ta gaske. Sai dai ya fi tsoron ranar da za a ce ba a bukatar tukunyar, don ba shi da gona ko akuyar da zai koma wa.

A shekarar 1967 aka kawo sabon likita, Attaher, wanda ya yi karatu a Dakar. Ya zo da kwali guda na sirinjin roba, kowanne a liƙe cikin takardarsa. Bincike yake yi a kan insulin, maganin masu ciwon sukari, yana son ya gano ko maganin yana manne wa roba har ƙarfinsa ya ragu kafin ya shiga jiki. Bai yi wa Alƙasum bayani ba. Wa ke tsayawa yi wa mai hura wuta bayani?

Ranar da likita ya tafi Affala duba marasa lafiya, Alƙasum ya buɗe kwalin ya girgiza kai. Kaya sun ƙetaro teku, sun sha hannu iri-iri, sannan a soka wa bayin Allah haka nan? Ya yayyage takardun duka, ya zuba sirinjin a tukunya, har da ƙarin gawayi don a ga ƙwazonsa. Da ya ɗaga murfi sai ya tarar sun lanƙwashe kamar busasshiyar kuɓewa, wasu ma sun manne da juna.

Da la'asar likita ya dawo ya leƙa tukunyar.

"Baba Alƙasum, mi ya kai ka?"

"Dahwa su na yi, Likita. Haka anka koya min."

Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Da ma faɗan aka yi masa, da ya fi sauƙi. Likita dai ya zauna a kan benci ya cire tabarau.

"Waɗanga ba a dahwa su, Baba. Da tsabtarsu suke zuwa. Sau guda ake aiki da su, a yar. Zan rubuta a aiko wasu, da yawa."

"A yar? To ni mi zan yi?"

Da alama likita bai taɓa tunanin wannan ba. Can ya ce ba za a sallame shi ba. Ana bukatar mai ƙone waɗanda aka gama aiki da su, kada mutane su tsince su.

Bayan wata biyu sababbin suka iso. Alƙasum ya haƙa rami a bayan asibiti, ya ajiye kwalbar kananzir a gefe. Balkisu, mai taya likita allura, ta fito zubar da ruwa ta tarar da shi tsugune da kwano da sabulu. Sirinjin da aka gama aiki da su yake wankewa ɗaya bayan ɗaya, ya goge da gefen rigarsa, sannan ya jefa a wuta. Ta zubar da ruwanta, ta koma ciki.