Awakin Bangon Arzika

Har yau ina shakkar ko na cancanci in yi magana a kan zane. Abin da aka tura ni Ingila in koyo shi ne duba dabbobi, kuma sau ɗaya na taɓa shiga gidan da ake rataye hotuna a can, shi ma ruwan sama ne ya koro ni. Amma a unguwarmu ta Ƙofar Marke a Sakkwato, wanda duk ya hau jirgi ya dawo ana ɗauka ya san kome. Haka aka yi na zama alƙalin zanen abokina Arzika, ana gab da bikin samun 'yancin kai.

Tare muka yi makarantar allo da shi. Ni na wuce elementare, shi ya bi mahaifinsa, Baba Ƙasimu, kasuwa suna awon gero da dawa. Ba wanda ya koya masa zane. Tun muna yara, in aka bar shi da gawayi kusa da bango, an gama. Da ya girma sai ya soma roƙon baban rini a wurin marina, da jan karan dafi a wurin dukawa, ya haɗa da ƙaro, ya tauna bakin sanda ya yi abin shafawa. Kullum in sun taso daga kasuwa sai ya ƙara wani abu a bangon zaurensu.

Da mai unguwa ya ce kowa ya gyara gidansa saboda biki, Baba Ƙasimu ya sa aka kawo farar ƙasa, ya ce za a shafe zauren ciki da waje. Arzika ya yi ta roƙo. Daga ƙarshe tsohon ya ce a kira ni, in na ce abin yana da daraja a bar shi, in ba haka ba a shafe.

Na iso da hantsi, na tarar har an jiƙa farar ƙasar a kwarya. Arzika na tsaye a gefe kamar wanda aka kai gaban alƙali.

"To, ɗan Ingila," in ji Baba Ƙasimu, "ga ɓarnar abokinka. Duba muna."

Rabona da zauren tun kafin in tafi Ingila. Na shiga ina shirya kalmomin da zan yi dabara da su. Da idona ya saba da duhun zauren sai duk suka gudu. Awaki ne, jajayen awakinmu na Sakkwato, tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Wata ta ɗora ƙafafun gaba a kan buhu tana satar gero, kunnenta ɗaya a baya tana sauraren mai shi. Wani bunsuru ya ɗaga leɓe yana shaƙar iska. Wasu ƙanana biyu sun yi tsalle, ba ƙafar da ta taɓa ƙasa. Ban san lokacin da na fashe da dariya ba. Na je wannan kusurwa, na dawo waccan, na durƙusa, na miƙe, hulata ta faɗi ban ɗauka ba.

"Mi kag gani?" in ji tsohon. "Ko kai ma abin ya taɓa ka?"

Ban san abin da masana zane ke faɗi ba, don haka na faɗi abin da na sani. Na nuna wata akuya mai farin tabo a goshi na ce, "Baba, wannan ciki gare ta. Dubi yadda gefen damanta ya sauka, dubi hantsarta."

Dariyata ta riga ta tara mutane a bakin ƙofa. Inna Hajjo mai fura, maƙwabciyarsu, ta ture su ta leƙo.

"Wagga ai akuyata ta! Ga tabon nan! Amma ciki? Wane ciki? Tun bara take ci mini dusa a banza, jibi ma nika kai ta kasuwa."

"A ɗauko ta," in ji Baba Ƙasimu. "In babu ciki, ku duka biyu maƙaryata na, kuma yau a shafe."

Na dubi Arzika, ya dubi ƙasa. Aka jawo akuyar tana turjewa tana kuka. Na durƙusa a ƙofar gida, cikin farin wandona na aiki, na sa hannu a ƙarƙashin cikinta na danna a hankali. Wani abu ya motsa ya bugi tafina.

"Akwai!" na yi ihu. "Wallahi akwai, har yana harbi!"

Inna Hajjo ta rangaɗa guɗa, ta rungume wuyan akuyar tana ba ta haƙuri. Sai kowa ya afka zauren neman tasa. Bawa mahauci ya gane bunsurun da ya yanka da salla, ya tsaya yana yi masa kirari. Wani ya yi fushi don ba a sa tasa ba.

Baba Ƙasimu ya daɗe yana kallon mai satar geron nan. Can ya ce, "Wagga ɓarauniya na san ta. A shafe waje, a bar ciki." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma ka gyara bakin buhun, ba haka nika ɗaure shi ba."

Da mutane suka watse muka zauna a zauren, ni da Arzika, muna shan furar da Inna Hajjo ta aiko. Na ce masa, "Duk mutanen da ke cikin garin nan, me ya sa ba ka zana kowa ba sai awaki?"

Ya ajiye ludayi ya ce, "Na taɓa zana Bawa a ƙasa da tsinke, yac ce in rage mishi hanci. Akuya ba ta taɓa cewa in rage mata kome ba."