Kafofin Da Na Yaɓe A Kicin

Har ƙasa ta rufe min ido ba zan manta da safiyar da na kusa ƙone gidanmu da hannuna ba. Shekarun da kuɗin fetur suka shigo ne, mun tare a rukunin gidajen gwamnati na Federal Low-Cost, maigida ya sayo min murhun gas. Ni da na tashi a Dawaki ina hura itace har idona ya yi ja, yau ga wuta shuɗiya ba hayaƙi! Abu ɗaya ya tsone min ido, wasu kafofi da magina suka bari a gindin bangon kicin, dab da tukunyar gas. Iska ta shigo ta kaɗa wutar, ɓeraye kuma sun mai da su hanya. Mu kuwa a gidanmu mace ba ta ganin rami a bango ta wuce. Na kwaɓa ƙasa na yaɓe su tsaf, ragowar na lulluɓe bakin tiyon gas ɗin da ita, inda na ga ya ɗan tsage, ina ta yabon kaina.

Bayan kwana biyu na shiga dama kunu, 'yata goye a bayana. Na ƙyasta ashana, ta karye. Ta biyu kanta ya gutsire. Ina zaro ta uku sai Goggo, ƙanwar baban maigida, wadda idonta ya yi rauni, ta daka min tsawa daga bakin ƙofa.

"Ke! Ajiye ashanar nan! Ba ki jin wari?"

"Mura nake yi, Goggo."

"To fito, kada ki taɓa komai!"

Da aka kira mai gyaran gas, ya rufe tukunyar, ya buɗe taga, ya farfasa yaɓen nan nawa. Sai da warin ya fita sannan ya shafa ruwan sabulu a bakin tiyon, ya ɗan buɗe tukunyar. Wallahi kumfa ta riƙa tasowa ita kaɗai, tana kumbura tana fashewa. Ashe abin da ido ba ya gani ne ya cika ɗakin da na tsaya da goyo!

Ya ce, "Uwargida, gas ƙasa yake kwanciya, ta kafofin nan yake fita. Tsagar bango ki toshe abinki, amma ban da waɗannan. Tiyo kuma in ya tsage sauya shi ake yi, ƙasa ba ta riƙe gas."

Na kwance yarinyar na ƙanƙame ta ina kuka, ina jinjina ikon Allah da ya hana ashana biyu kamawa.

Tun daga ranar na san ba kowace kafa ake toshewa ba. In na ga abu a buɗe, sai na tambayi dalilin wanda ya bar shi kafin in kai hannu.