Awarar da Muka Mayar Sau Uku

Mun tashi da asuba daga masaukinmu a Japan, ni da abokin tafiyata, wani malamin gona ɗan Kabo, da tafintan da aka haɗa mu da shi. Kwananmu tara da zuwa kwas kan noman waken suya, kuma duk a kan burodi da shayi na yi su. Wanda ya baro Gwarzo ana tsakiyar murnar Shari'a ba zai ci naman da bai san mayankinsa ba. Da tafinta ya ga wandona ya fara zamewa, sai ya ce zai kai mu wani tsibiri wurin gwaggonsa mai sayar da abinci, inda babu nama, babu giya.

Jirgin ƙasa ya tashi a mintin da aka rubuta, rabin kujerunsa wayam. Abokina ya ce da a tashar Kabo ne, da sai azahar. Daga nan muka hau jirgin ruwa. Kuɗin tikiti kuwa na daina juya shi zuwa naira, saboda lafiyar zuciyata.

Gidan abincin tsohon ginin katako ne a gindin dutse, ruwa na gangarowa ta bayansa. Muka cire takalma muka zauna a tabarma, kamar a zauren mai unguwa. Tafinta ya zagaya baya don gaida mijin gwaggon, ya bar mu da tsohuwa, ba mai jin yaren wani.

Ta kawo kwano, ta ajiye da hannu biyu. Muka leƙa. Awara! Wato mun ƙetare teku ne don awarar da tsadar rayuwa ta naɗa sarautar nama a gidajenmu. Sai dai wannan fara ce fat, mai sanyi, da ɗan citta a kanta, ko mai ba ta gani ba. Abokina ya ce ai nuna mana take yi, yadda mai tsire ke nuna nama kafin ya gasa. Muka gyaɗa kai alamar ta yi, muka tura mata kwanon ta je ta soya.

Ta ɗauka ta koma. Ta dawo da wata cikin ruwan zafi. Muka yaba, muka tura. Ta uku mai laushi ce kamar kindirmo, ita ma muka tura, yunwa na cina, ina mamakin wace irin mai awara ce ba ta da kasko.

Tafinta ya shigo ya tarar da gwaggonsa a bakin madafi tana goge ido da haɓar riga. Ya zo ya durƙusa gabanmu.

"Malam, me ta yi muku? Tun tana amarya take wannan sana'a, ba a taɓa mayar mata da kwano ba."

Na ce, "Jira muke a soya."

Ya ce, "A soya me?"

Kunya ta rufe ni. Na roƙa a dawo da kwanukan duka uku. Hannuna ya kai aljihu, inda yajin da maiɗakina ta ƙulla mini yake, na ga tsohuwar na kallona, na fasa. Tsinkayen cin abincinsu suka gagare ni, aka ba ni cokali. Shekara da shekaru ina cin awara, ashe mai da yaji nake ci, sai ranar na ji ɗanɗanon waken kansa. Ko ta yi mini daɗi, har yau ban yanke hukunci ba, amma na suɗe kwanukan tas. Tsohuwa ta rusuna, na rusuna, ta ƙara, na ƙara, har tafinta ya raba mu.

Da na dawo Gwarzo na ba Inna labari, ta riƙe haɓa. "Yanzu jirgi gwamnati ta saka ka don ka ci awara? Ɗanya?"

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: wanda ka ɗauka bai fara aiki ba, wataƙila ya riga ya gama, don haka ka tambaya kafin ka tura kwano. Washegari na je wurin maƙwabciyarmu mai awara, na ce ta yanko mini kafin ta jefa a mai. Ta dube ni ta ce, "Malam, ko a kira maka mai ruƙiyya?"