Ɗakin Sanyin da Ya Cinye Aikin Zakiyyu

Taubashina Zakiyyu, ɗan Gwaggo Inno, tun yana yaro ba rediyon da ya shiga gidansu ya fita da rai. Da ya dawo daga karatun kwamfuta a Katsina, sai babanmu Malam Sada, wato kawunsa, ya samo masa aiki a wata cibiya nan Daura inda ɗalibai ke rubuta jarrabawa a kwamfuta. Aikinsa kula da saba, wani baƙin akwati da duk sauran kwamfutocin ke shan nono a jikinsa. In ya yi tari, duk sai su suma.

Akwatin nan ba ya son zafi, don haka ɗakinsa kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki. Sanyin da ko gwamna bai taɓa ji ba, wallahi.

Azumi ya zo a tsakiyar zafi. Baba ya leƙa bayan azahar don ya ga yaron da ya sa a aiki, ya ji sanyi, ya ce, "Zakiyyu, miƙo tabarma." Washegari ya zo da amininsa Dabo na Mashi. Kafin sati ya zagayo, rabin dattawan unguwarmu can suke ƙailula.

Na ce wa Zakiyyu, "Kai sakarai, sa kwaɗo mana!" Ya sa. Baba ya miƙa hannu, shi kuma ya durƙusa ya ba da makulli da hannu biyu.

Ranar babbar jarrabawa, zaure ya cika da yara, wasu tun daga Dutsi. Baba yana cikin ɗakin sanyi, gurnanin akwatin ya hana shi barci, ga wayarsa ba caji. Ya zare babbar wayar wutar akwatin daga bango ya soka cajarsa. Batirin da ya kamata ya riƙe akwatin kuwa ya mutu tun bara, gwanin namu bai taɓa gwada shi ba. Amsoshin yara suka tafi. Kwafin ajiya fa? Yana cikin wannan akwatin dai, tare suka kwanta. Ni da na tsaya a aji uku na san ba a ajiye makulli na biyu a cikin ɗakin da aka kulle.

Mai cibiyar, Hajiya Raihana, ta zo kan Zakiyyu tana huci. "Wa ya zare wayar? Faɗi sunansa, aikinka na nan."

Baba na tsaye a bakin ƙofa da tabarma a hammata. Zakiyyu ya kalli ƙasa, kamar zai haƙa rijiya da ido.

"Ni ne, Hajiya."

Yanzu yana gyaran waya a wata rumfa a Kongolam, rana na gasa masa ƙeya. Jiya Baba ya kira shi ya yi masa faɗa, wai yaran yanzu ba su iya riƙe aiki. Zakiyyu ya ce, "Haka ne, Kawu." Na so in kwaɗa masa muciya.